Kofaton Fansho da Ƙafar Injiniya

Ranar da maigidana, Injiniya, ya yi ritaya daga aikin gyaran hanyoyi, na ɗauka hutu ya zo mini. Na riga na tsara abina: shi ya zauna a falo yana musu da rediyo, ni kuma in ji da ɗan lambuna na bayan gida. Ashe da sauran aiki a gabana. Ba a jima ba sai ga babbar mota a ƙofar gida, aka sauke wani baƙin doki mai farin goshi, yana huci yana kallon tumatir ɗina kamar dominsa aka shuka. Injiniya ya ce tun yana yaro yake mafarkin doki. Na ce ni ma tun ina yarinya nake mafarkin abubuwa iri-iri, amma ban taɓa sa an sauke su a bayan gidan mutane ba. Ni na raɗa wa dokin suna Fansho, tunda kowa ya san da abin da aka saye shi. Injiniya ya yi ta gyara mini har ya gaji, ya koma kiran sa haka shi ma.

Kada in ci haƙƙin dabba, da farko dokin ya yi masa amfani. Injiniya yana da ciwon suga, ya daɗe yana fama da shi, kuma mutum ne da ba ya tashi daga kujera sai in nepa ta ɗauke ko an kira salla. Da Fansho ya zo sai ya fara motsi, yana share barga, yana ɗaukar ciyawa, har tumbin ya ɗan ja baya. Likitansa ya yaba, amma ya ƙara da gargaɗi, kuma ina zaune aka yi shi. Ya ce wannan ciwo yana kashe jijiyoyin ƙafa a hankali, har mutum ya taka abin da zai ji masa rauni bai sani ba, raunin kuma ba ya saurin warkewa.

"Injiniya, ƙafarka nake jin tsoro," in ji shi. "Kada ka taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar ɗakinka. Kullum ka duba tafin ƙafarka."

Ya ba shi wani ɗan madubi mai dogon mariƙi, saboda ya lura tumbi ba zai bari a sunkuya ba. Da muka fito, a bakin ƙofa muka yi kiciɓis da wani dattijo ana turo shi a keke, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an soke ta da fil. Injiniya yana duba wayarsa, bai gan shi ba. Ni na gan shi, kuma tun daga ranar tsoro ya shiga raina bai fita ba.

A wayar nan dai fitinar ta fito. Akwai wani mutum mai faffaɗar hula da ke sa bidiyo, kullum yana tsaye kusa da doki yana magana a hankali kamar mai jajen rasuwa. Koyarwarsa ita ce ba a halicci doki da ƙarfe a ƙafa ba. Wai takalmin ƙarfe yana matse kofato, yana hana jini zagayawa, yana sa doki ya daina jin ƙasar da yake takawa. In aka cire, kofaton zai yi laushi da zafi na ɗan lokaci, sannan ya yi ƙwari da kansa. Injiniya ya kalli bidiyon mutumin nan har na haddace muryarsa. Ya shiga wata ƙungiya ta waya, ta masu dawaki marasa takalmi, inda ake kwana ana tashi da hotunan kofato. Ina kawo masa shayi sai ya tare ni da hoton ƙasan ƙafar dokin wani baƙo, ya ce in dubi yadda tsokar tsakiyar ta buɗe, ai wannan abin a yi kuka ne don murna.

Akwai maƙerin da ke zuwa yana sa wa Fansho takalmi, wani gajeren mutum mai saurin fushi, wanda ba ya iya buga ƙusa sai yana ba da labarin dawakan manyan mutane da suka ratsa ta hannunsa. Da Injiniya ya gaya masa abin da yake so, sai ya ajiye guduma ya dube ni, kamar ni na haifi maganar. Ya rantse cewa kafin wata ya ƙare dokin nan zai kwanta ba zai tashi ba, kuma kada a neme shi ranar. Injiniya ya ce ai duk wani sauyi sai ya gamu da masu cin moriyar tsohon tsari. Haka suka yi ta yi, ɗaya yana kiran kakanninsa, ɗaya yana kiran mai hula. A ƙarshe maƙerin ya sa ƙafar Fansho tsakanin gwiwoyinsa, ya datse bakin ƙusoshin, ya ɓanɓare takalman ɗaya bayan ɗaya yana tsaki, ya goge gefen kofaton da magagari. Injiniya ya bi ƙasa yana tsintar ƙusoshin yana zubawa a kwalbar da na wanke don yaji, wai zai ɗauki hoto ya nuna wa ƙungiya irin zaluncin da aka daɗe ana yi.

Washegari Fansho ya fito daga barga yana tafiya kamar sabon mai kaciya. A kan ciyawa lafiya lau, amma da ya taka tsakuwar bakin famfo sai ya ɗage ƙafa, ya tsaya, ya juyo yana kallonmu. Tausayinsa ya kama ni, ban ɓoye ba. Na ce a kira maƙerin a ba shi haƙuri. Injiniya ya ce wannan shi ne matakin farko, kuma an yi hasashensa.

Daga nan tsohon aikinsa ya motsa. Mai hula ya ce kofato yana ƙwari ne idan doki yana tafiya kullum a kan ƙasa iri dabam-dabam, daga mai laushi zuwa mai kaushi. Wa aka gaya wa wannan? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana shimfiɗa tsakuwa. Ya fito da tef ɗin awo da turaku da igiya, ya zagaye bayan gidan, ya zana wa doki titi. Kashi na farko yashi, na biyu jar ƙasa da aka daddaɓe, na uku tsakuwa mai santsi irin ta bakin rafi, na ƙarshe tsakuwar inji mai kaifi. Har magudanar ruwa ya yi masa a gefe. Titin ya bi ta kan tumatir ɗina da rabin alayyafo. Da na yi magana ya ce duk aikin raya ƙasa sai ya shafi wasu, kuma zai duba batun diyya. A iya zamana da shi ban taɓa ganin titin da ya gama a kan lokaci ba sai wannan.

Sai kuma maganar abinci. Ashe zaƙi yana sa kofaton doki zafi da kumburi, in ji ƙungiya. Nan take Injiniya ya kafa doka: ba rake, ba ɗanyar ciyawa mai yawa, ba dusar da aka gauraya da wani abin zaƙi. Busasshiyar ciyawar ma sai an jiƙa ta a babban bahona na wanki, an tsiyaye ruwan, don suga ya fita. Ranar da ya kama jikanmu yana miƙa wa Fansho ƙwayar alewa, faɗan da ya yi har maƙwabta sun leƙo. Ya yi wa yaron bayani dalla-dalla yadda suga ke lalata ƙafa tun daga ciki, ba a gani sai ɓarna ta yi nisa. Ya gama, ya shigo kicin yana haki, ya zuba wa shayinsa cokali uku da ya ga na juya baya.

Madubin likita ma ya sami aiki. Kowace safiya Injiniya zai ɗaga ƙafar Fansho, ya kakkaɓe ƙasar da ta maƙale, ya zura madubin ya duba lungu-lungu, ya danna nan ya danna can da babban yatsa yana kallon kunnen dokin ko zai motsa. Ya taɓa kofaton ya ji ko da zafi. Ƙafa huɗu, ba ya tsallake ko ɗaya. Madubin ya koma zama a barga, a rataye kusa da ragama.

Duk wannan na haƙura da shi. Abin da ya tsayar mini da zuciya shi ne safiyar da na leƙa ta tagar kicin na ga takalmansa a ajiye a bakin titin, an jera su tsaf, shi kuma yana jan Fansho a kan yashi da ƙafa tsirara. Na fita ko murhu ban kashe ba.

"Baban Auta, me nake gani haka? Ka manta abin da likita ya ce?"

"Hajiya, shugaba ba ya sa na ƙasa da shi abin da shi ba zai iya ba. Ta yaya zan san abin da yake ji in ina cikin takalmi?"

Na ce doki ba ma'aikacinsa ba ne, kuma doki ba shi da suga. Ya ce likitoci da maƙera duk tafiyarsu ɗaya, kowa so yake ya rufe ƙafa ya ci abinci. Wai mai hula ya ce ɗan Adam ma takalmi ne ya lalata shi. Na ce mai hula da na gani a bidiyo da takalmi har gwiwa yake yawo. Ya ce wannan don macizai ne.

Ba abin da ban gwada ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kwana biyu ba na amsa masa magana, wanda na lura daɗi ma ya yi masa. Na kira Auta, 'yarmu da ke aure a wani gari, ita ce kaɗai yake jin nauyinta. Ta yi masa kuka a waya, ya yi mata alkawari, ya kuma cika shi yadda ya saba cika alkawarin ofis: ya sa takalmi daga ɗaki zuwa bakin titin Fansho, a nan ya cire. Na ce to aƙalla ya bari in riƙa duba masa ƙafar da yamma. Ya janye ta ƙarƙashin riga, ya ce shi ba jariri ba ne, kuma mace ba ta duba aikin injiniya.

Abin haushin shi ne, ta wajen doki, gaskiyarsa ce. Watan da maƙeri ya yanka ya wuce Fansho bai kwanta ba. Ya gama da yashi, ya gama da jar ƙasa. A tsakuwa mai santsi ya yi ɗan ɗingishi, sai Injiniya ya sayo masa wasu takalman roba masu maɗauri, ana sa masa in za a fita waje a cire in an dawo. Na ce wato an cire wa doki takalmi don a saya masa wanda ya fi nawa kyau. Ya ce na wucin gadi ne. Ya rage hawansa, ya koma jan sa da hannu, in ya ga ya gaji ya mayar da shi kan yashi ba tare da ya ɗaga masa murya ba. Haƙurin da na nema a wajen mutumin nan tun ina amarya, ashe yana da shi, doki yake jira.

Matsalar ita ce Injiniya ya riga dokinsa gama makaranta. Tun Fansho yana kan jar ƙasa shi ya haye tsakuwar inji. Zai tsaya a kan mai kaifin nan da rana tsaka, ƙasa ta ɗau zafi, yana murmushi, yana kiran dokin rago.

"Dube ni nan, ko gezau. Kai da kofato guda kana raki, ni da fatar mutum ban ji komai ba."

Ya sa jikanmu ya ɗauke shi bidiyo ya tura wa ƙungiya. Suka yi ta yabo, wani ya ce a ba shi shugabancin shiyya. Ni kuwa da na ji kalmar nan tasa ta "ban ji komai ba", sai na gane kusan ita ce likita ya faɗa. Na tuna masa. Ya ce akwai bambanci tsakanin mutuwar jijiya da horo, kuma wanda bai yi karatun ƙasa da duwatsu ba ba zai gane ba. Bayan 'yan kwanaki ya shigo da albishir, wai da yana wanke ƙafa ya shafo wani tauri a ƙarƙashin ta hagu, wajen tushen yatsu. Kanta ta fito, in ji shi, kofatonsa ya fara tsiro. Na ce mu gani. Ya ce sai ya nuna.

Ranar da abin ya fito fili ina goge tayil ɗin falo da hantsi. Ya shigo daga wajen Fansho, takalmansa a hannu, zai wuce ɗaki, sai na ji wani ɗan sauti, ƙyas, shiru, ƙyas, shiru. Na san sautin nan. Shi nake ji a kan simintin barga lokacin da Fansho yake da takalmin ƙarfe, sai dai wannan ƙarami ne, kuma ƙafa ɗaya ce ke yin sa. Na dubi inda ya taka, na ga ɗan danshi mai ruwan ƙasa-ƙasa a kan tayil ɗin da na gama gogewa.

Ban roƙe shi ba a wannan karon. Na ture shi ya zauna a kujera, na durƙusa, na cafke ƙafar na sa tsakanin gwiwoyina yadda na ga maƙeri yana yi. Kantar da yake alfahari da ita kan ƙusa ce, ƙusar takalmin doki, ɗaya daga cikin waɗanda bai tsinta ba. Ta shige har wuya, sai ɗan kan ke waje ya goge yana ƙyalli. Naman da ke kewaye ya kumbura ya yi baƙi-baƙi, yatsu biyu na gefe sun canza launi, ga wari. Ina riƙe da ƙafar, shi kuma yana tambayata daga sama wai ta yi kauri sosai ko.

Na ce, "Baban Auta, tashi mu tafi asibiti."

Wataƙila muryata ce, don bai yi musu ba. A mota ne ya fara cewa ai ƙaramin abu ne, da da matsala da ya ji.

Likitan bai yi faɗa ba, na so ma ya yi. Ya duba, ya kira wani ya duba, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Aka kwantar da shi, aka yi ta ƙarin ruwa da allurai ana jiran a ga inda baƙin zai tsaya. Kwanakin nan ban san me na ci ba. Kullum in na rufe ido dattijon nan na bakin ƙofa nake gani da wandonsa a naɗe. Auta ta zo, ta zauna a gefen gado tana yi masa fifita. A ƙarshe aka cire yatsun biyu da wani yanki na tafin, aka ce mu gode wa Allah an tsira da sauran. Ƙungiya ta turo saƙonnin jaje masu yawa. Wani a ciki ya ce wataƙila ya yi saurin hawa tsakuwa ne, da ya ƙara wata ɗaya a yashi.

Duk zamansa a asibiti ni ce mai doki. Wa zai yi in ba ni ba? Na jiƙa ciyawa a bahona, na ja shi a titin da ya cinye mini tumatir, ina zaginsa yana bina. Ban san ranar da ya fara hawa tsakuwar inji ba, kawai na waiga wata safiya na gan shi a kai. Amma na lura da yadda yake yi: ba ya taka ta da gadara, yana sa ƙafa a hankali, in ya ji mai tsini ya ɗage ya sauya wuri.

Da aka sallami Injiniya, sai da aka ɗauki lokaci kafin ya iya fita wajen dokin. Ranar da ya fita, da sanda ya fita, ƙafar hagu cikin wani ƙaton takalmi mai maɗauri da asibiti suka ba shi, wanda ba likkafar da zai shiga. Na ajiye masa kujera a inuwa. Ranar ce kuma maƙeri ya zo gyaran kofato, don ko ba ƙarfe sai an riƙa datsewa ana gogewa. Yanzu ya sayi sabon magagari, yana gaya wa duk mai doki cewa shi tun asali bai yarda da ƙarfe ba, mutane ne ba sa jin shawara. Ya ɗaga ƙafar Fansho ta gaba yana yaba aikinsa, ya matsa tafin da awartaki don gwaji. Dokin ya fizge ƙafar ya buga ƙasa.

"Har yanzu da ɗan saura," in ji maƙerin. "Nan wajen yana jin zafi. Ko a nemo abin da za a shafa ya kashe masa shi?"

Na ɗauka Injiniya zai kawo maganar mai hula, ko matakai, ko hasashe. Sai kawai ya dubi dokin.

"A'a, bar shi," ya ce. "Bar shi ya ji."

Maƙerin ya gama ya tafi. Muka zauna, Fansho yana zagaya titinsa shi kaɗai ba mai jan sa. Can sai Injiniya ya sunkuya da ƙyar ya kwance takalmin ƙafar dama, mai lafiyar, ya cire safa, ya ɗago ta da hannu biyu ya ɗora a cinyata. Bai dube ni ba.

"Hajiya, duba mini. Ki danna ko'ina, yadda nake yi masa. In na ji zan gaya miki."

Na riƙe ƙafar. Na fara daga diddige, na danna da babban yatsa da ƙarfi, na hau tsakiya, na bi tushen yatsun ɗaya bayan ɗaya, har farcena ya bar shaida a fatar. Na sake komawa diddige na biyo. Idonsa yana kan doki, fuskarsa a sake, yana jira.

"Kin fara?" ya ce.

Na ce masa yanzu zan fara.